Wanda ya iya injin ban-ruwa bai iya teku ba

Ruwan da ɗan Tama ya tashi ya sani shi ne wanda ake ja da guga, sai kuma na korama idan damina ta kankama, wanda ke gangarowa daga duwatsun Adar ja wur, ya cika kwarin Majiya cikin dare, bayan kwana biyu ka tarar da yara na wasa a kan rairayin da ya bari. Shi ɗin ma ba a raina shi. Duk wanda ya taɓa ganin direba ya kashe mota a bakin korama ranar kasuwa, fasinjoji sun shimfiɗa tabarmi suna jiran ruwa ya janye, ya san mutanenmu ba sa wasa da ruwa mai gudu. Teku kuwa yana can nesa. Daga Madawa zuwa gaɓar Legas, ko a miƙe aka auna, ya fi kilomita 800, kuma Nijar ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku.

Amma Ba'adare da zama wuri ɗaya ba su cika shiri ba. Da an yanke gero an kai rumbu, sai ƙauyukan Buza da Keita da Madawa su koma na tsofaffi da mata da yara, samari sun tafi biɗa: wasu Abijan, wasu Legas, wasu Kamaru da Gabon, wasu kuma su bi ta Tawa da Agadas su faɗa Libiya. Akasarinsu babu abin da ya haɗa su da teku. Ɗan Nijar da ke Sabha ko Tarabulus yawanci aikin gini ko lambu ko gadi ya kai shi, in ya tara abin da Allah ya hore sai ya juyo gida. Sai dai ba a rasa wanda hanya za ta kai bakin ruwan gishiri, ko a Oron ta jihar Akwa Ibom inda jiragen katako ke kwasar mutane zuwa Gabon, ko a gaɓar Libiya inda ake tura jiragen roba zuwa Italiya. A can Libiyar akwai wata tambaya da masu safarar mutane kan jefa wa taron da suka tara a gida guda: wa ya iya inji? Wanda ya ɗaga hannu a yafe masa kuɗin tafiya, ko a rage masa.

To, yaron da ya yi shekara biyar yana tayar da injin ban-ruwa a lambun albasa, ya san filogi, ya san ƙarar inji in mai ya kusa ƙarewa, ga shi aljihu ya bushe, me zai hana shi ɗaga hannu?

Bari in ɗauko misali daga waɗanda suka fi kowa gata a wannan harka. A Turai da Amurka akwai masu hali da kan ajiye aiki su sayi sabon jirgin shaƙatawa mai inji, da ɗakin kwana da madafa da bayan gida duk a ciki, miji da mata su ce za su bi gaɓar teku wata da watanni, alhali ba su taɓa tuƙa ko kwale-kwale ba. A Amurka har akwai wata hanya da suka sa wa suna Great Loop, wadda ta kewaye gabashin ƙasar ta teku da koguna da manyan tafkuna, kusan kilomita 10,000, mutane kan ci kusan shekara guda a kanta. Jirginsu sabo dal, da na'urar auna zurfin ruwa, da taswira a allo mai nuna musu inda suke, da rediyon neman agaji. Duk da haka ba a sakar musu mara haka nan. A Faransa, injin da ya wuce ƙarfin doki 6 sai da lasisi, kuma lasisin farko bai yarje maka ka yi nisan da ya wuce mil 6 na teku daga mafaka ba, wato kimanin kilomita 11. In kana son wuce nan sai ka sake zama jarrabawa, a ba ka taswira da fensir ka lissafa hanya da lokacin hawa da saukar ruwa. Kamfanonin inshora kuma sukan gindaya wa sabon shiga sharaɗin ya ɗauki ƙwararren matuƙi ya zauna da shi har hannunsa ya faɗa. Da rana suke tafiya, su kwana a tasha, in kuma masu hasashen yanayi suka ce iska za ta taso sai su ɗaure jirgi su yi kwana uku suna shan shayi.

Mai jirgin miliyoyi ke nan. Namu kuwa a kan rairayi ake koya masa, da tsakar dare, wani lokaci da bindiga a kusa: ja wannan igiya, murɗa nan, ga kamfas, bi arewa. Sai ya shiga ruwa zai gane cewa in yana son jirgi ya yi dama, hagu zai tura hannun injin, saɓanin babur ɗin da ya saba.

Kalmar “sabo” ita ce hajar farko da dillali zai tallata maka. Jirgi sabo, inji yanzu aka fid da shi daga kwali. Duk ɗan kabu-kabu ya san ba a ƙure wa sabon babur wuta sai ya saki jiki, injin ruwa ma haka yake. Irin Yamaha mai ƙarfin doki 40 da ya cika gaɓar Afirka ta Yamma, wanda ake gauraya masa fetur da man inji, a awa 10 na farko ninka masa man ake yi, kashi 1 cikin 25 maimakon 1 cikin 50, kuma ba a daɗewa da shi a ƙarshen wuta. Duk aibin da sabon jirgi ya zo da shi, noti da bai ɗauru ba, tiyo mai ɗiga, a kwanakin farko yake fitowa, shi ya sa masu sana'ar ke gwada shi kusa da gaɓa, inda in ya mutu za a iya jawo shi. Jiragen robar Libiya kam sababbi ne da gaske, don ba a yi su domin tafiya ta biyu ba. Roba ce marar kauri da aka manna da gam, aka shimfiɗa mata falanki, sau da yawa da ƙusoshi a tsaye suna sukar ƙafafun mutane, wani lokaci su huda robar kanta.

Sai lissafin mai, wanda duk mai cinikin albasa zai iya yi a ka. Daga Zuwara ko Tarabulus zuwa tsibirin Lampedusa, ƙasar Italiya mafi kusa, kimanin kilomita 290 ne. Jirgin roba mai tsawon mita 10 ko 12 da aka danƙara wa mutum 120 yana ɗauke da kusan tan 8. Da irin wannan lodi, injin doki 40 da ƙyar yake cin kilomita 8 a awa, bai fi sassarfar jaki ba, wato tafiyar awa 36 ke nan in ba a ɓata ba, in inji bai tsaya ba, in iska ba ta tari gaban jirgin ba. Injin nan in an matsa masa yana shan aƙalla lita 15 a awa. Lita 540, jarka 22 masu cin lita 25. Masu sana'ar ruwa kuma suna da ƙa'idar da ba sa karyawa: kashi ɗaya cikin uku na mai ba na tafiya ba ne, ajiya ce don ranar da ruwa ya ƙi. A kan wannan ƙa'ida jarka 22 ɗin nan 33 ya kamata su zama. Yanzu ƙirga jarkokin da ka gani a cikin jirgin. Sau da yawa mai safarar bai zuba man kaiwa Italiya ba, ya zuba wanda zai fid da ku daga ruwan Libiya ne, mil 12 na farko da ɗan ƙari, da fatan wani jirgin ceto zai tsince ku. Jirgin ceto yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa, kuma sau da yawa wanda ke isowa na masu gadin tekun Libiya ne, su mayar da mutane gidajen tsarewar da wasunsu suka biya kuɗi suka baro.

Mota in ta mutu tsakanin Tawa da Abalak, inda ta tsaya nan za a same ta gobe. Jirgi ba ya tsayawa. Da inji ya ɗauke sai ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, zaman da ya fi kowane haɗari, sannan iska da gudun ruwa su ja shi inda suka ga dama. A tekun Atlantika, hanyar da 'yan Senegal da Mali da Muritaniya ke bi zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, iska da ruwa duk kudu maso yamma suke turawa, can tsakiyar teku inda babu kowa. Ranar 10 ga Yuli 2023 wani kwale-kwale ya tashi daga Fass Boye, garin masunta a Senegal, da mutum 101. Tafiyar mako guda ce. Mai ya ƙare musu a hanya. Sai a tsakiyar Agusta wani jirgin kamun kifi ya tsince su kusa da tsibiran Cape Verde, mutum 38 suka rage da rai, kuma da yawansu 'ya'yan masunta ne, a bakin teku aka yanke musu cibiya. A 2021 an ga wani jirgi daga Muritaniya a tsibirin Tobago, a 2024 an ga wani a gaɓar Brazil, sun ƙetare teku gaba ɗaya da gawawwaki a ciki.

Kamfas ɗin da aka danƙa maka ba ya gaya maka inda kake, inda hancin jirgi ya dosa kawai yake nunawa. Kana iya riƙe arewa cak yini guda, ruwa na zame ka gabas ba ka sani ba, kamar mai ƙetare korama da ya kafa ido a kan wata gawo a tsallake amma ya fita can ƙasa da ita. In aka ajiye shi kusa da inji ko wani ƙarfe ko waya, sai ya shirga maka ƙarya. Kaucewar digiri 10, wadda ba komai ba ce a hannun da ke rawa cikin jirgi mai tangaɗi, a tafiyar kilomita 290 za ta fid da kai gefe da kilomita 50, alhali Lampedusa duk tsawonsa bai kai kilomita 12 ba. Mutumin da ke tsaye cikin ƙaramin jirgi, saman ruwan da idonsa ke kaiwa bai wuce kilomita 5 ba, masu nemansa ma haka za su sha wahalar hango shi. A hamadar Tenere direban Agadas yana da sawun motocin da suka riga shi, da rijiyoyi da duwatsun da ya sani tun yana yaron mota. Ruwa ba ya ajiye sawu. Gaskiya ne wayar zamani tana iya nuna inda kake ko layi ya ɗauke, muddin batir bai mutu ba kuma gishiri bai shige ta ba, sai dai sanin inda kake ba ya ƙara maka ko cokali ɗaya na mai.

A manyan haɗurran da aka yi, sau da yawa ruwa a kwance yake, mutanen cikin jirgin ne suka motsa. Wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san abin da ke faruwa in gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. A jirgi abin ya fi muni, domin ruwan da ya shigo ciki, kowace lita kilo ɗaya ce, kuma duk inda jirgin ya karkata nan zai kwarara ya ƙara wa wannan gefen nauyi. Ranar 3 ga Oktoba 2013 wani jirgin kamun kifi daga Misrata, ɗauke da mutum fiye da 500, akasari 'yan Eritiriya, ya iso har yana ganin fitilun Lampedusa, inji ya tsaya. Aka cinna wa bargo wuta don a jawo hankalin mutanen gaɓa, wutar ta kama man da ya zube, jama'a suka ruga gefe ɗaya, jirgin ya kife. Mutum 368 suka mutu, 155 suka tsira. A daren 18 ga Afrilu 2015 kuwa ceto ne ma ya iso: wani babban jirgin kaya mai suna King Jacob ya matso don ya kwashe mutane, matuƙin ƙaramin jirgin ya kasa sarrafa shi ya gwabza wa babban, jama'a suka karkata, cikin ɗan lokaci ya nutse da mutum 800 ko fiye, 28 kacal suka fita. Kada kuma a ɗauka 'yan gudun hijira kawai abin ke samu. Joola jirgin gwamnatin Senegal ne, sojoji ke tuƙa shi, yana bin gaɓa daga Zigincor zuwa Dakar. An ƙera shi don fasinja 536. Daren 26 ga Satumba 2002 hadari ya same shi a ruwan Gambiya da lodin da ya ninka haka fiye da sau uku, da yawa suna kwance a saman bene, ya kife cikin mintoci. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 1,863 suka mutu, 64 suka tsira.

Na ga ɗan ƙaramin misalin wannan da idona a Gaya. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 2023, jama'a suka koma ƙetare kogin Isa a kwale-kwale mai inji. Muna tsakiyar ruwa sai ƙarar inji ta canja, ta yi nauyi, mai jirgin, wani dattijo, ya kashe shi da kansa. Wata mata ta sa salati, samari biyu suka miƙe tsaye don su ga abin da ya faru, jirgin ya karkata har ruwa ya taɓo bakinsa. Dattijon bai ko ɗaga murya ba.

“Samari, ku zauna. Wanda ya sake tashi shi zai kashe mu.”

Yaronsa da ke gaba ya riga ya tsoma filafili ya riƙe hancin jirgin yana fuskantar gudun ruwa. Shi kuma ya ɗago injin, ya sa hannu ya warware wata baƙar leda da ta nannaɗe farfela ta toshe kafar da inji ke shan ruwan sanyaya kansa, ya mayar, ya ja igiya. Bai ƙara wuta ba sai da ya leƙa ya ga wani siririn ruwa na tsartuwa daga bayan injin.

Na ce, “Baba, me kake dubawa?”

Ya ce, “Fitsarinsa, Malam. In bai yi fitsari ba, yanzu ya ƙone.”

Duka abin bai kai minti uku ba. Amma sai da aka samu kunnen da ya ji canjin ƙara, da yaron da ya san abin yi ba a gaya masa ba, da muryar da mutum talatin suka bi ba gardama. Wannan fa a kogi ne, ana ganin gaɓa ta kowane gefe, da rana tsaka.

Masu tafiya Gabon daga Oron ko Kalaba sukan kwantar wa kansu da hankali cewa ai gaɓa za a bi, ƙasa na kusa. Da farko dai tafiyar ta fi kilomita 500, kuma yawanci da daddare ake yinta don kauce wa masu sintiri. Sannan masu sana'ar ruwa kusa da gaɓar ne suka fi yin taka-tsantsan. Inda ruwa ya rage zurfi nan igiya ke miƙewa ta karye. A bakin manyan koguna, inda ruwan kogi ke karo da na teku, akwai tudun rairayi a ɓoye wanda ke canja wuri daga shekara zuwa shekara, kuma teku na hawa da sauka sau biyu a kwana, wurin da ka wuce lafiya da hantsi ya zama tarko da la'asar. Hadarin nan da muke gani ya haɗo daga gabas a farkon damina, da baƙar iska a gabansa, irinsa yana sauka a tekun Gini, can kuwa babu ɗakin gudu. Da hunturu kuma hazon da ke rufe mana duwatsun Keita yana kaiwa har teku ya ɓoye gaɓar gaba ɗaya. A watan Maris na 2013 wani jirgin katako da ya tashi daga Oron zai je Gabon ya nutse a ruwan Kalaba da mutum fiye da 100, kaɗan ne suka tsira. Na Kutro a kudancin Italiya, ranar 26 ga Fabrairu 2023, ya yi kwanaki yana tafe daga Turkiyya lafiya, sai da ya zo dab da rairayin gaɓa ya farfashe, mutum 94 aƙalla suka mutu. Ga kuma manyan jiragen kaya. Dokar teku ta ce kowane jirgi ya kunna jar fitila a hagu, koriya a dama, in biyu suka fuskanci juna kowa ya kauce damansa. Jirgin da ke ɓuya ba ya kunna fitila, kuma babban jirgin dakon mai in ya ɗauko gudu sai ya ci kilomitoci kafin ya tsaya, ko da ya gan ka.

Jiki ma yana da nasa lissafin. A kowace litar ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35, a Bahar Rum ya ɗan fi haka, wanda ya sha shi ƙishirwa zai ƙara wa kansa, ga amai da tangaɗin jirgi ke sa wa wanda bai saba ba, yana ƙara tsotse shi. Fetur ɗin da ya zube daga jarka in ya gauraya da ruwan gishiri a ƙasan jirgi yana cin fata kamar ƙunar wuta, kuma mata da yara da ake zaunarwa a tsakiya da sunan kariya su suka fi shan wannan azaba. Likitocin jiragen ceto sun san ciwon sarai. Sanyi kuwa, ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninkin-ba-ninkin. A watan Fabrairu 2015 mutum 29 suka mutu da sanyi kusa da Lampedusa, akasarinsu bayan an riga an tsamo su. Rigar kariya tana ceton rai, wannan babu ja: ƙididdigar masu gadin tekun Amurka ta kan nuna cewa cikin waɗanda suka nutse daga jiragen shaƙatawa, kusan 85 cikin 100 ba sa sanye da ita. Amma a duba abin da aka saya. A farkon 2016 'yan sandan Izmir a Turkiyya sun kama riguna na jabu fiye da 1,200 a wani shagon ɗinki, an cusa musu abin da ke shan ruwa ya ja mutum ƙasa.

A ce duk an tsallake waɗannan, an isa. Tambayar farko da 'yan sandan Italiya ke yi wa waɗanda suka sauka ita ce: wa ya tuƙa, wa ya riƙe kamfas? Sau da yawa ma an riga an ɗauki hoton jirgin daga sama, an ga hannun da ke kan inji. A idon dokarsu wanda ya tuƙa mai safarar mutane ne, ko da shi ma fasinja ne da aka rage wa kuɗi, ko da tilasta masa aka yi sai in ya iya tabbatar wa kotu hakan. Wani rahoto da ƙungiyar ARCI Porco Rosso ta birnin Palermo ta fitar a 2021 ya ƙirga mutum fiye da 2,500 da aka kama a kan haka tun 2013. Bayan haɗarin Kutro gwamnatin Italiya ta tsananta hukuncin, in mutane suka mutu a tafiyar ɗauri yana kaiwa shekara 30. Matuƙin jirgin nan na Afrilu 2015, ɗan Tunisiya, kotun Kataniya ta ba shi shekara 18. A Ingila, a watan Fabrairu 2024, an yanke wa wani matashi ɗan Senegal shekara 9 da wata 6 saboda mutum huɗu da suka nutse daga jirgin robar da ya tuƙa daga Faransa; masu gabatar da ƙara sun ce ya karɓi tuƙin ne don a kai shi kyauta, shi kuma ya ce da ya ga jirgin ya ƙi, duka aka yi masa. Mai safarar da ya karɓi kuɗin mutum ɗari yana gidansa yana shirya lodi na gaba. Ni dai ban san wata araha da ta kai wannan tsada ba.

Ba yau Bahaushe ya fara hawa teku ba. Kakanninmu da suka tafi Makka da ƙafa, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, a Sawakin suke shiga jirgin iska su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Amma fasinjoji ne su, tuƙin yana hannun mutanen da suka gaji ruwan. Haka Sarkawan Kabi da Yawuri, yaro tun bai iya ɗaura wando ba yake cikin jirgi, ya zauna a gaba yana kallon launin ruwa shekara da shekaru kafin a bar masa baya. Iya ruwa fid da kai, in ji Hausawa, fid da mutum ɗari kuwa wani karatu ne daban. Ko a ruwanmu na gida, inda babu gishiri babu igiya, lodi da ganganci sun isa: a Warra ta jihar Kebbi, ranar 26 ga Mayu 2021, jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a kogin Isa, kaɗan suka fita, a Bagwai ta jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, mutum 29 aƙalla, akasari yara 'yan Islamiyya da za su maulidi, suka nutse a madatsar Watari.

Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fiye da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓata a Bahar Rum tun daga 2014, kuma yawancinsu ba a ga gawarsu ba. A gari irin Tama ma'anar wannan ita ce waya ta daina shiga, shi ke nan. Babu wanda ya zo da labari, babu jana'iza, babu zaman makoki, matarsa ba ta shiga takaba ba kuma ba ta fita daga aure ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda yake a Risala, matar wanda ya ɓata za ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, in ba a samu labarinsa ba a yanka mata shekara huɗu daga ranar, sannan ta yi idda irin ta mamaci, wata huɗu da kwana goma, kafin ta iya yin wani aure. Dukiyarsa kuwa, gonar gero da ɗan lambun albasa da injin ban-ruwan da ya bari a zaure, ba a raba su gado sai an kai shekarun da ake ganin irinsa ba ya wuce su a raye.